Ragowar Kazue

Tomiko ta riƙe wutsiyar allon hawan igiyar ruwa da hannu biyu, mai motar shara ya riƙe kansa, kowa na ja. Shekarunta saba'in da uku, amma ba ta da niyyar saki.

"Iya, an manna masa takardar shara," in ji mutumin. "Duk abin da aka manna wa takarda, namu ɗauka ne."

"Mai shi ko ƙona gawarta ba a yi ba. Sakar min."

Ya dubi fuskarta, ya saki. Ta ja allon ta tsallaka lungu da shi, dogo ne, shuɗinsa ya koɗe, ta jingina shi a tsakar gidanta tsakanin ragogin shanyar kifi. Sauran alluna biyun motar ta riga ta murƙushe su. A kan waɗannan allunan maƙwabciyarta Kazue ta shekara talatin tana hawan igiyar ruwa, ga shi kwana biyu da mutuwarta an fito da su tare da tsohuwar katifa.

Wanda ya manna takardun yana tsaye a ƙofar gidan mamaciyar cikin baƙar kwat, yana share tabarau. Shozo ke nan, wan Kazue, da ya iso jiya daga Gunma, yankin duwatsun da ko warin teku ba ya kaiwa. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da ƙanwarsa, amma cikin yini ɗaya ya gama sanin abin da ya kamata a zubar. Ya ɗan sunkuya ya gaishe ta. Tomiko ta kau da kai, don in ta buɗe baki ba gaisuwa ce za ta fito ba.

Ita kanta ba da son Kazue ta fara ba. Lokacin da matar ta sauka a ƙauyen nan na gaɓar Shima da allo a kan tsohuwar mota, shekara biyu ke nan da teku ta cinye mijin Tomiko, Yasuo, shi da jirginsa. Ba a samu ko takalminsa ba. Hularsa aka sa a kabari, kuma hular Tomiko ke kai wa furanni har yau. Sai ga wata baƙuwa, ba miji ba ɗa, kullum da sassafe tana sheƙa gudu cikin baƙar rigar roba ta je ta yi wasa a inda wasu suka bar rayukansu. Tomiko ta shekara ba ta ce mata ci kanki ba.

Kazue kuwa ba ta san zuciya ba. Da sanyi tana ɓare kawa, irin dodon koɗin teku, a rumfar masunta har yatsunta su tsage, da zafi tana gyaran gadaje a masaukin baƙi, in ta tara abin da ta tara sai ta ɗaure allo ta ɓace. Wata rana kawai ta zo ta ajiye wa Tomiko mabuɗi, wai a riƙa ba shukokinta ruwa, za ta Bali. Ko tambaya ba ta yi ba. Daga nan abin ya zama jiki. Bali, Sri Lanka, Taiwan, wasu tsibiran da Tomiko ba ta iya faɗin sunansu ba. Takan dawo baƙi ƙirin, gashi ya ƙone, da tsarabar yashi a 'yar kwalba. Tomiko takan ce mata wace irin mahaukaciya ce ke ɗauko yashi ta kawo wa mutanen bakin teku, Kazue ta yi ta dariya tana cin busasshen kifin da ba a ba ta ba.

Bana daga Taiwan ta dawo a rame. Ciwon daji ne a ciki, kuma ya riga ya yi nisa. Mako biyu ta yi a asibiti ta ce a mai da ita gida, tagar can bango take kallo. Tomiko ce ta riƙa kai mata kunun shinkafa da dakakken riɗi, tana mita tun daga ƙofa har bakin shimfiɗa. Da ƙafafun Kazue suka daina ɗaukarta, kowace safiya tambayarta ɗaya ce, yaya ruwan yake. Dole Tomiko ta riƙa hawa katangar gaɓa tana duban abin da ta shekara talatin tana kau da kai daga gare shi. Da farko takan ce ruwa dai ruwa ne. Kazue ta ce wannan ba labari ba ne. A hankali ta koya mata: daga ina iska ke busowa, igiyar iya gwiwa ce ko iya ƙirji, a tsaye take zuwa ko a wargaje.

Saura kwana huɗu ta mutu, ta sa aka yago mata bayan kalanda, ta yi rubutu, ta buga hatiminta. A teku take so a zuba ta, a nan gaban katanga.

"Yaya Tomi, kada ki bari su kai ni kan dutse."

"Ke ko kunya ba kya ji? Ni za ki sa in kai wa ruwan nan mutum da hannuna?"

"In na je zan gaishe miki da Yasuo."

Tomiko ta zage ta tas, ta ɗauki kwano ta fita. Amma da ta dawo da yamma ta karɓi takardar ta sa a aljihun rigar aikinta.

Wannan takardar ta miƙa wa Shozo ranar da ya iso. Ya karanta, ya ninke, ya mayar mata cikin ladabi, irin ladabin da ya fi mari ciwo. Ya ce wannan ba wasiyya ba ce, rubutun mara lafiya ne. Gidansu suna da kabarin dangi, iyayensu na can, kuma can ƙanwarsa za ta, gaba ɗayanta. Yawonta ya isa haka nan. Tomiko ta roƙe shi ko ɗan ƙashi guda, abin da ba ta taɓa yi wa namiji ba tun mutuwar Yasuo. Ya ce a gidansu ba a raba mutum.

Tana tsaye a wurin ya kira masu shirya jana'iza a waya. Suka fara yi masa tambayoyi, ya katse su, ya ce su yi komai yadda suka saba, shi dai jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu ranar Juma'a zai bi. Tomiko ta ji wannan sarai. Kazue ta taɓa ba ta labarin ƙona mahaifiyarsu, yadda mutanen gabas, can wajen Gunma, ke kwashe ƙasusuwan mutum kaf, har tokar a share da ɗan buroshi, a zuba a babban tulu. A nan kuwa ɗan ƙaramin tulu ake kawowa, a tsinci ƙashin ƙafa, na hannu, na maƙogwaro, na kai, sauran a bar wa gidan ƙona su binne tare da na kowa. Kalma ɗaya daga bakin Tomiko da ta gyara masa. Ta ja bakinta ta yi shiru.

Ranar Juma'a mutum shida ne a gidan ƙona gawa: Shozo, Tomiko, da mata huɗu abokan hawan ruwan Kazue, duk fuskokinsu rana ta dafe. Tomiko ta zo da wani ƙunshi a ɗaure cikin ƙyalle, ta ajiye a gefen ƙafarta. Bayan awa ɗaya da rabi aka turo tiren da ƙasusuwan ke kai, yana huci. Kazue doguwa ce, kuma ƙashinta bai narke ba. Ma'aikacin, mai farar safar hannu, ya ce da wuya yake ganin ƙasusuwan kafaɗa irin waɗannan a jikin mace. Sannan ya ajiye tulun a gefe. Bai fi kwanon shan shayi biyu ba.

Shozo ya dubi tulun, ya dubi tiren. Ya tambaya ina babban. Ma'aikacin ya yi masa bayani a tsanake, ya ce haka ake yi a nan, ga ma takardar da zai sa wa hannu ya bar musu ragowar. Babban tulu sai an aika birni, ba zai iso yau ba, kuma ƙarfe biyu akwai wata gawar da ke jiran ɗakin.

"Ragowa?" in ji Shozo. "Ƙanwata ce fa. Ku zuba ta a rami da mutanen da ba ta sani ba?"

Tomiko ta sunkuya ta kwance ƙunshinta. Babban gwangwanin biskit ne, wanda Kazue ke ajiye kakin goge allo a ciki. Ta wanke shi, ta shimfiɗa farin ƙyalle, amma har yanzu ƙamshin kwakwa na tashi. Ta ɗora shi kusa da tulun.

"Kin sani," in ji shi.

"Na sani."

"Kika bar ni."

"Kai ka ce a yi yadda aka saba, Malam. Shekara goma sha ɗaya ba ka tambayi yadda take ba, na ga ba sai ka tambayi wannan ba."

Ta zaci zai yi faɗa, kuma ta shirya masa, har so take ya yi. Sai ya cire tabarau ya tsaya yana kallon dogon ƙashin ƙafar da ba yadda za a yi ya shiga tulun. Ya ce tun tana yarinya ba ta taɓa shiga inda aka sa ta ba. Ya ɗauki dogon tsinken tsintar ƙashi. Mutum biyu ke ɗaga ƙashin farko tare, kuma ba wani ɗan'uwa a ɗakin. Ya miƙa wa Tomiko ɗayan. Haushinsa bai bar ta ba, amma ta karɓa.

Suka sa masa na maƙogwaro da na kai da 'yan ƙanana har tulun ya cika. Sauran suka shiga gwangwani, kafaɗun da ƙafafun duka. Ya kama jirginsa na ƙarfe huɗu da tulu a cinya.

Ba a zuba ƙashi a teku sai an mai da shi gari. Washegari Tomiko ta ɗauko turmin da take daka wa Kazue riɗi, ta zauna a tsakar gida kusa da shuɗin allon, ta yini tana niƙa. Tana yi tana zagi. Ta zagi ciwon, ta zagi Shozo, ta zagi mai motar shara, ta zagi ita Kazue ɗin da ta mutu ta bar wa tsohuwa aikin ƙarfi. Da zagin ya ƙare ta ci gaba da niƙa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Da sassafe matan nan huɗu suka zo cikin rigunan roba, suka ce za su kai Kazue can bayan igiya. Tomiko ta ce to, amma ita za ta fara. Ta tuɓe takalma, ta naɗe wando, ta ɗora gwangwanin a kan shuɗin allon ta tura shi gaba. Ruwan ya kama idon sawunta, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Sanyinsa ya sa ta ja numfashi. Ta buɗe murfin, ta ɗebo cikin tafi ɗaya.

"Ki ce masa hularsa na nan," in ji ta. "Ki kuma ce masa ban huce ba."

Ta buɗe hannun a cikin ruwa. Matan suka karɓi gwangwanin suka yi gaba a kan allunansu, suna tuƙi da hannuwa. Tomiko ta tsaya inda take, hannu ɗaya a kan allon. Iska daga tudu take busowa, igiyar iya ƙirji, a tsaye take zuwa. Farin garin ya ɗan yi yawo a gefen allon, sannan ruwa ya ja shi ciki.