Birkin da Lyuben Bai Taka Ba

Shekara talatin da ɗaya Lyuben ya yi yana tuƙa motar asibiti a garin Gabrovo, ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba. Hanyar Shipka mai murɗe-murɗe a jikin dutse, babu kwanar da bai sani ba. Ya hau ta cikin ƙanƙara da mai naƙuda a baya, ya sauko ta cikin hazo da wanda zuciyarsa ke neman tsayawa. Da ya yi ritaya, sai ya koma wa wata tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, da wani buri da bai cika faɗa wa kowa ba: ya mallaki mota mai ƙarfi, mai kwanciya a ƙasa, wadda zai taka don jin daɗinsa, ba don wani na kwance a baya ba.

Ana haka matarsa Rayna ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ta farfaɗo, bakinta ya dawo har ya fi da kaifi, amma ƙafar hagu ta ƙi. Keken guragunta ba ya shiga ƙaramar motar sai an kwance masa tayoyi, kuma duk zuwa asibiti sai sun yi faɗa a bakin ƙofa. 'Yarsu Nevena, wadda ke aikin jinya a Jamus, ita ta yanke maganar a waya.

"Baba, ku nemi mota mai dogon baya, wadda keken zai shiga a miƙe. Abin da ya gaza ni zan cika. Amma sabuwa nake so, mai garanti."

"Sabuwa ai ta 'yan koyo ce," in ji Lyuben.

"To ka koya."

Dimcho, ƙanin Rayna, bakanike ne a bayan tashar jirgin ƙasa. Shi ya kira Lyuben wata Asabar ya ce ya zo ya ga wani abu. Mota ce ja, mai dogon baya, shekararta shida, an shigo da ita daga Italiya. Tayoyinta masu faɗi, kujerun fata, injin da in aka tayar sai ka ji shi a ƙirji kafin kunne. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba.

"Dillalin ya ce wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita ranar Lahadi," in ji Dimcho, yana goge hannu.

"Ka yarda?"

"Yaya, duk motar da ta shigo ƙasar nan ta tsohuwar nan ce. Na shiga ƙarƙashinta dai, ba ta taɓa cin karo ba. An taɓa agogon tafiyarta, wannan ko makaho ya gani, amma injin lafiya lau. In ta yi tari ina nan."

Suka hau Shipka da ita. Lyuben ya shiga kwana ta farko a hankali, ta biyu ya ɗan ƙara, daga ta uku ya daina tunani. Motar tana bin hannunsa kamar ta san inda za shi. Da suka tsaya a sama, ya daɗe bai saki sitiyarin ba. Dimcho ya dube shi ya yi dariya.

"Tsoho ya ga budurwa. Bari in je in faɗa wa yayata."

Don kada Nevena ta ce bai duba ba, ranar Talata ya ɗauki Rayna suka je shagon sababbin motoci. Mai shagon, wani mai sanƙo da ake kira Asen, ya gane shi tun daga ƙofa. Lyuben ne ya taɓa kai mahaifin Asen asibiti. Asen ya nuna musu wata mota ruwan toka. Ita ma mai dogon baya ce, an yi mata kwalliyar motar gudu, amma injinta ƙarami, ga allo a gaba kamar talabijin. Keken ya shige bayanta ba tare da an cire komai ba. Asen ya miƙa makulli ya ce su zaga su biyu, shi ba zai zauna a baya yana koya wa Lyuben tuƙi ba.

Motar ba ta burge shi ba. Ya matsa kusa da layin titi, ta yi ƙara. Ya ɗan wuce ƙa'idar gudu, ta yi ƙara.

"Ta fi ki mita," ya ce wa Rayna.

"Ba ka ji ta da safe ba tukuna."

Suna gangarowa ta wajen kasuwa, rana ta yi ƙasa tana dukan gilashi daga dama. Lyuben yana cikin ba ta labarin jar motar, sai motar ta yi wata ƙara mai tsini ta ƙame wuri ɗaya. Bel ya shaƙe shi a kafaɗa. Ƙafarsa tana kan totur har lokacin. A gaban motar, tazarar da ba ta kai taku biyu ba, wata mata ce tsaye a kan zanen tsallakawa, ta rungume buhun jan tattasai. Ta dube su, ta girgiza kai, ta wuce.

Lyuben ya gangara gefe ya kashe motar. Hannuwansa suna kan cinyarsa, ya rasa abin da zai yi da su.

"Rana ce," ya ce.

Rayna ta juyo ta dube shi. Ta gyara bel ɗinta da hannunta mai lafiya.

"Lyuben, ni ƙafata ce ta mutu, idona na nan. Tun hunturu kake juya kai in za ka karanta jarida. Jiya ka zuba shayi a gefen kofi ka ce teburin ne ya karkace. Tun yaushe?"

Ya dubi allon motar.

"Tun wajen Kirsimeti. Na dama ne. Kamar an shafa masa man shanu."

"Kuma kake ɗaukata a mota."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya mayar da motar a hankali, ya gode wa Asen, ya ce zai yi shawara.

Likitar ido ta ce yanar ido ce, ba wani abin tashin hankali ba. Aka yi masa aiki cikin wata guda, aikin da bai kai tsawon cin abincin rana ba. Da aka cire bandejin ya ga ashe labulen kicin ɗinsu shuɗi ne mai haske, ba ruwan ƙasa ba. A duk tsawon lokacin bai taɓa sitiyari ba. Dimcho ke kai Rayna asibiti, yana kuma riƙe masa jar motar a wajen dillali da roƙo da barazana.

"To yanzu ido ya buɗe," in ji Dimcho, ranar da ya zo da banitsa, wani burodi mai cuku a ciki, da zafinsa a takarda. "Gobe mu je mu ɗauko ta."

Gaskiyar Dimcho ce, kuma Lyuben ya san haka. Idon ya warke, hannunsa bai manta komai ba. Amma tun ranar kasuwa wani abu yake damunsa, ba matar mai tattasai kaɗai ba. Yana tuna mutanen da ya tarar a bakin titi cikin shekara talatin da ɗaya, suna tsaye kusa da motocinsu, fuska ba jini, yayin da shi da abokan aikinsa ke ɗaga wani daga ƙasa. Kusan dukkansu magana ɗaya suke yi: ban gan shi ba. A ransa kullum yakan ce ƙarya suke, ko sun sha, ko sakarkaru ne. Akwai wani malamin makaranta da ya riƙe masa hannun riga yana ta maimaitawa, shi kuwa ya fizge hannunsa ko kallonsa bai yi ba. Yanzu ya san mutum yana iya zama da hankalinsa, da ƙwarewarsa, idonsa a kan titi, kuma bai gani ba. Yau yanar ido ce, an cire. Shekararsa sittin da huɗu. Bai san me zai zo gaba ba, kuma wannan ma bai yi sallama kafin ya zo ba.

"Ka sake ta, Dimcho," ya ce. "Ruwan tokar zan ɗauka."

Dimcho ya ajiye banitsar da ke hannunsa.

"Wancan firjin? Yaya, ko buɗe ta ba zan iya ba sai da kwamfuta."

"Ka huta ke nan."

"Kai da ka hau Shipka da ƙanƙara har gwiwa, yau mota za ta riƙa taka maka birki?"

"Sau ɗaya ta taka," in ji Lyuben. "Ya isa."

Rayna tana bakin taga tana ɓare wake. Ta ce wa ƙaninta ya ci abincinsa ya bar mata miji.

Ba zai ce yana son motar ba, har yau. Tana tafiya yadda ya kamata, tana ƙara a inda bai ga dalili ba, yana amsa mata da baƙar magana. Sati biyu da ɗauko ta, Rayna ta ce rabonta da ganin teku shekara tara. Suka tashi ranar Laraba da sassafe, suka isa garin Sozopol na bakin teku kafin azahar. Ya tura ta har ƙarshen dakalin masunta, inda iska ke kaɗa mata gyale. Ta zauna tana kallon ruwa, ya tsaya a bayanta. Can ta ce tana jin ƙanshin soyayyen ƙananan kifi, ya je ya nemo inda ake yi, kuma ya ce a sa gishiri sosai, likita ba ya nan.