Shatin Yatsun Baba a Bangon Soro

A shekarar da sojoji suka koma bariki, Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifina, ya ci kansila. Abu na farko da ya ce zai gyara shi ne soron gidanmu na Ƙofar Mazugal. A rushe na ƙasa, a tayar da na bulo.

Ni kuwa na gama sakandare, ba aikin yi, a soron nake wuni. A bangon gabas akwai shatin yatsun Baba, Allah ya jiƙansa. Duk shekara kafin damina shi yake yaɓe da hannunsa, ina miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, yana yi min faɗa wai ruwa ya yi yawa. Wannan ne yaɓensa na ƙarshe. Ko hotonsa ba mu da shi.

"Baffa, a bar bangon nan mana," na ce.

"Mikail, a ɗakin ƙasa zan riƙa sauke ciyaman?"

"A makaranta an koya mana, ƙasa ko ta jiƙe ta bushe, ƙasa ce, ana sake ta. Siminti kuwa in ya sha ruwa ya kama, ya zama wani abu daban. Ba ya komawa."

"Ai shi nake so, wanda ba ya komawa. Malam masani, tashi ka ba leburori wuri."

Kafin su sa diga, na ɗauko tsohuwar adda na ɓamɓaro wurin shatin a hankali, faɗin faifai. Na jingine shi a bayan ɗakin kakarmu, Iya Zinariya. Sama fes take, ban rufe shi ba. Ban kuma lura ba, daidai ƙarƙashin indararo na ajiye.

Ran Juma'a muna masallaci hadari ya haɗo. Ana sallamewa na kwasa da gudu, takalmi a hannu. Na tarar indararo yana ta zuba a kan tulin taɓo.

Na tsuguna a gabansa. Ban san daɗewar da na yi ba.

Iya ta leƙo, ta yafa buhu a ka. "Maigida, kuka kake yi? To ni na fasa auren, ba na zama da rago."

"Ya narke, Iya."

"Na gani." Ta daɗe tana kallon taɓon. "Tun ina amarya bangon nan yake zubewa. Kakanka ya tattara ya kwaɓa, ubanka ma haka. Ƙasar dai ita ce."

"Shatin fa?"

"Shi kam ya tafi." Ta ja hanci, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. "Ga tsaga can a ɗakina, ruwa har kan gado. Kwashe ka toshe min."

Da aka ɗauke ruwan na kwashe taɓon a kwano, na tattaka shi da ɗan yayin ciyawa kamar yadda Baba yake yi. Daga waje ana jin leburori suna sauke bulo. Na cika tsagar, na shafe da tafin hannu, na ja yatsu daga sama zuwa ƙasa.

Malaminmu na kimiyya bai yi ƙarya ba, ƙasar ta koma bango. Yatsun da suka fito dai nawa ne, sirara.

Iya ta matso, ta dangwala da ɗan yatsa.

"Ruwa ya yi yawa," ta ce.