Rakiyar Likita

Ba ƙarya ce ta kayar da Malam Maharazu ba, rakiya ce.

Shekara biyu ke nan da ƙarfe ya faɗo masa a ƙugu a wata masana'antar motoci a Dagenham, can ƙasar Turawa. A 1976, lokacin da abokansa ke ta tattara komatsai suna komawa gida cin arzikin man fetur, shi ko ƙofar gidansa a Deptford sai da dabara yake kaiwa. Ya nemi kuɗin da gwamnati ke ba waɗanda tafiya ta gagara, don da su zai riƙa hawa tasi zuwa asibiti. Aka turo likita har gida ya duba shi.

To, baƙo ya sha shayinka, ya miƙe, ka bar shi ya fita shi kaɗai? Ba a gidan Maharazu ba. Ya cije, ya taka wa likita har tashar bas, yana ta murmushi. Likita kuwa ya rubuta abin da idonsa ya gani: mutumin nan ya yi tafiyar yadi ɗari biyu ko sanda babu. Aka hana shi kuɗin.

Matarsa Zinatu ce ta matsa sai da aka ɗaukaka ƙara. Ranar zama, a wani ɗaki kusa da Aldwych, mutum uku masu sauraron ƙarar suka tambaye shi yadda ya ji bayan tafiyar. Maharazu ya saci kallon Zinatu, ya ce an gode Allah. Ita kuwa kamar ta fasa ihu.

Sai Rwang ya ɗaga hannu. Maƙwabcinsu ne, mutumin Jos, kwandastan bas, ya biyo su ne kawai don ya tallafi Malam a matakala.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi da Hausa. "Na yi maka promise, amma in na yi shiru appeal ɗin nan ya tafi."

Ya juya ya gaya musu da Turanci cewa ranar da likitan ya zo, yana dawowa daga aiki ya tarar da Malam yana rarrafe a bakin titi, gwiwoyi duk jini, wajen awa guda bayan likitan ya hau bas. Goya shi ya yi ya kai ɗakinsa shi Rwang ɗin, ya wanke masa ciwon, don kada Zinatu ta sani, ya kuma yi masa alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Maharazu ya sunkuyar da kai, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Shugabar zaman ta ajiye alƙalami, ta tambaye shi a hankali ko haka aka yi. Ya ce haka ne.

Ba su yi minti goma ba suka soke hukuncin farko.

A waje, Rwang ya tsaya nesa-nesa yana jiran faɗa. Zinatu na share hawaye, haushi da tausayi sun cakuɗe mata. Maharazu daga kan benci ya yafito shi, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Ka tona ni a gaban iyalina, Rwang," ya ce. "Wallahi da ni aka bari, sai dai in mutu ban faɗa ba. Allah ya saka maka da alheri."