Kunyoyin Haggai a Kan Buhu

Duk wanda ya san garin Dabai ya san Haggai. Shekara bakwai ya yi yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, kuma ba a taɓa wuce shi a kunya ba. Ya yi soja, harsashi ya shiga cinyarsa ya fita. Kububuwa ta sare shi, ita ce ta mutu. To, wannan mutumin ne fa shanyewar ɓarin jiki ta kayar a gindin rumbu, aka kwaso shi aka kawo shi Rikoto gidan ɗansa Abel, aka ajiye shi a ɗaki mai taga ɗaya da ƙarafa huɗu.

Wata biyar yana ciki. Ƙafa ta ɗan dawo, hannun dama ya ƙi. Ƙofar gidan ta ƙarfe ce, kullum a kulle, wai kada Baba ya fita ya faɗa kwata. Mutumin da ya kwana a daji da bindiga, shi ake tsarewa daga kwata!

Da ya matsa a mayar da shi gonarsa, sai Abel ya ce, "Baba, likita ya ce yatsun nan sai an ba su aiki. Ga Joyce za ta koya maku ɗinkin ulu. In kun cika ƙyallen kafin ruwan shuka, ni da kaina zan kai ku Dabai. In ba haka ba, Philemon ɗan ƙanenku zai nome gonar bana."

"Philemon? Wanda kunyarsa ke tafiya kamar ya sha burkutu?"

"Shi ɗin."

Joyce matar Abel ce, a Zumuntar Mata ta cocinsu ta koyi aikin. Ta yanko buhun algarara mai ido-ido, faɗin kan kujera don a yi mata shimfiɗa da shi, ta ɗaure shi a katako, ta kawo ulu kore da allura mai dakusasshen baki. Ta nuna masa ɗinkin gicciye, a fito ta wannan rami a shiga na sama da shi a karkace. Ta nuna masa na tsaye mai kama da jerin bulo.

"Baba, a hankali za ku ja. Ba buhun dawa kuke ɗinkewa ba."

"Ke 'yar nan, na ɗinke takalmin soja da waya tun ba a haifi uwarki ba."

"To, ai wannan ba takalmi ba ne."

Ta tafi biki Wasagu, za ta yi mako biyu. Haggai ya zauna gindin taga ya kama aiki. Allura ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin gado, ya jawo ta da sanda. Yatsu suna rawa, yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Amma layi ya miƙe, ɗoɗar, daga wannan baki zuwa wancan. In ya kai ƙarshe sai ya tsallake layi guda ya bar shi fili, ya juyo. Haka ake huɗa tun kaka da kakanni, kunya sannan kwari. Wa ya taɓa manna kunya da kunya?

Ranar da Joyce ta dawo ya miƙa mata katakon yana murza gemu.

"Na gama. Kira mijinki."

Ta duba, ta sa gefen zane ta rufe baki.

"Baba, wannan filin da kuka bari tsakani fa?"

"Kwari ke nan. Ruwa ta ina zai bi?"

"Wane ruwa kuma a kan kujera? Cikewa ake yi, kada a ga buhu ko kaɗan. Rabi kuka yi, Baba."

Abel ya shigo ya duba, shi bai yi dariya ba. "Cikawa muka ce," in ji shi.

Haggai ya koma cike kwari. Nan ne ya gane ta'asar da ƙarfinsa ya yi. Ya ja ulu da ƙarfi har ramukan da ke tsakani sun tsuke, sai ya soka sau uku kafin allura ta wuce. Layin da yake yi da hantsi ɗaya ya koma cin yini. Ta tsakanin ƙarafan taga yana ganin hadari na haɗuwa ta gabas, ya watse, ya sake haɗuwa. Ya daina kwanciyar rana. Ya daina ba maƙwabta labarin yaƙi ta taga.

Saura layi tara ruwa ya sauko, ranar Talata da azahar, mai ƙarfi, irin wanda ake fita shuka washegari. Ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin ya cika shi.

Da yamma Abel ya tsaya bakin ƙofa, rigarsa a jiƙe.

"Baba, na yi wa Philemon waya. Gobe zai shiga gonar."

"Layi tara ne fa. Ka ƙirga da kanka."

"Na gani, Baba. Ƙasa ba za ta jira ba."

"To, ka gaya masa bana kaɗai. Ka ji ko? Bana kaɗai!"

Abel ya dubi shanyayyen hannun uban a kan katakon, ya ce bari ya je ya sauya riga.