Makahon Bijimin Alhaji Bubayero

Maharazu mai fenti ya gaji da jin "kai yaro". Da gemunsa da 'ya'yansa, kuma yawancin motocin da ke kwasar shanu daga Dutse zuwa kudu zanensa ne a bayansu, amma ko ɗaya babu mai ɗauke da sunansa. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ana nan sai Alhaji Bubayero, babban falken shanu, ya sayi sabuwar tirela. Ya aika aka kira Maharazu, ya ce a zana masa farin bijiminsa a bayanta, wanda yake ji da shi fiye da wasu danginsa.

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Maharazu. "Amma zan ɗan sa sunana a ƙasa."

"Sunan wa? Mota tawa, sa nawa, fentin ma ni na saya. Kai yaro, yi abin da aka sa ka."

Maharazu ya ce to. Ya zage ya zana bijimi na gani na faɗa, ga tozo, ga ƙaho, kai ka ce zai sauko ya yi kiwo. A ƙa'idar aikinsa, ido ne yake sawa a ƙarshe. Da ya zo kan idon kuwa, sai gogan naka ya wanke burushinsa ya kama hanyar gida. Alhaji ya hango zane daga nesa, ya ji daɗi, ya shiga motar ya sa direba ya wuce da su kara, wato kasuwar shanu, a Taura.

To, Bafulatani in ya ga sa, ido yake fara dubawa. Kafin a gama fakin, dattawan kara sun kewaye motar suna dariya har da riƙe ciki.

"Alhaji, ashe makafi kake kai musu kudu?" in ji wani tsoho.

Alhaji ya fusata. Ya rantse ba zai nemi Maharazu ba, ya kira Sale mai rubuta lambar babura ya sa idon. Sale ya yi iya yinsa, Allah ya sani, amma sai bijimin ya fito a firgice kamar ya hango mahauci. Dariyar ta fi ta farko.

Da Alhaji ya rasa yadda zai yi, da ƙafarsa ya tako rumfar Maharazu, ya yi sallama, ya yi ta gyaran murya.

"Malam Maharazu, a taimaka a gyara idon nan."

"Wallahi, ranka ya daɗe, hannun nan nawa wani iri ne. In bai fara rubuta suna ba, rawa yake yi a kan ido."

"Rubuta! Rubuta abinka!"

Ya rubuta kuwa, da jan fenti, kusan daidai da ƙahon bijimin a girma. Sannan ya goge ɓarnar Sale, ya ɗiga ido, bijimi ya kalli duniya da isa. Maharazu ya ja da baya yana kallon sunansa, daɗi ya cika shi har ya kusa hawaye.

Ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji ya shiga kara yana neman inda direbansa ya tsaya. Ya tambayi wani dillali ko ya ga motar Alhaji Bubayero. Dillalin ya ce bai san ta ba.

"Mai farin bijimi a baya mana!" in ji Alhaji.

"Au, motar Maharazu kake nufi? Ga ta can."