Rami na Farko

Shekara uku ke nan ƙaramar kwalbar tana kwance a ƙasan firizar ɗakin gwaji, an rubuta "Yaya" a jikinta da jan biro. Ranar Talata da hantsi Ƙarama ta ciro ta, ta dunƙule a tafin hannu har ƙanƙarar ta saki.

Ƙarama, haka yayanta yake kiranta, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki. Aikinsu shi ne su ciro ɗan yanki daga ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, su dasa shi cikin wata ƙwaya marar illa, su yi ta ba ta romo a kwalabe tana haɗa musu furotin. Da furotin ɗin ake shafe ramukan wani faranti, a ɗiga ruwan jinin mutum. In yana ɗauke da cutar, ramin ya rine.

Yaya direban babbar mota ne, ya daɗe yana tuƙi hannu ɗaya dafe da ciki. Wata rana ya biyo ta wurin aiki.

"Ƙarama, wai ke ba likita ba ce? Cikin nan zai ga bayana."

"Ni makiyayiya ce, Yaya. Ƙwayoyi nake kiwo."

"To Allah ya sa su hayayyafa. Matata ta matsa in je asibiti a auna ni."

"Wane asibiti, ga ƙanwarka? Ba ni wata uku. Kai za a fara aunawa da namu."

Ya miƙa hannu yana runtse ido, ƙato da shi, ta ɗebi jinin a ƙaramar kwalba.

Wata uku suka zama shekara. Furotin ya yi ta fita a dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Duk sanda ya bugo waya sai ya ce, "Makiyayiya, garken naki ya haihu?" Ta ce saura ƙiris. Ya yi dariya, ya kurɓi farin maganinsa na kwalba, ya kama hanya. A shekara ta biyu ya yi aman jini a gefen titi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Sai makon jiya, da suka rage zafin na'urar reno, furotin ya fito garau.

Dogo, abokin aikinta, ya kalli kwalbar a hannunta. "Ki bar wannan. Muna da na wasu mutum tamanin."

"Alkawari na yi masa."

Ta ɗiga a rami na farko. Suka wanke, suka ƙara ruwan launi, suka jira. Ramin ya fara shuɗi-shuɗi, ɗigo na ƙarshe ya mai da shi rawaya kamar ɗorawa.

"Ya yi! Wallahi ya yi!" in ji Dogo, sai kuma ya kama bakinsa.

Ƙarama ta ɗaga kai. Ta taga tana hango ƙofar asibiti, titi ɗaya ne tsakani. A can gwajin na rabin sa'a ne, maganin na mako biyu.

Ta cire safar hannu, ta kira matar Yaya.

"Anti, cutar tana bin 'yan gida ɗaya. Ke da yara a auna ku."

"To, sai naku ya gama fitowa ko?"

"A'a. Asibiti za ku. Yau."