Wutar da ta kunnu a motar marigayi

Wata uku da rasuwar maigidana, wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban motarsa. Da motar nake kai ɗinkin kayan makaranta ga masu shaguna. Makaniki ya ce injin ya gama aiki. Yayan marigayi ya ce ranar Asabar za a sayar, har ya samo mai saye, wai abokin makanikin ne.

Maƙwabciyata ta ce akwai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Na tafi shagon kayan mota.

Mai shagon ya jera mini uku. "Hajiya, wannan ce mai araha, amma da waya take aiki."

Na ɗaga masa wayata mai maɓalli. "Da wannan?"

Ya yi dariya, ya turo babbar. Wai har birki take dubawa.

"Malam, gareji zan buɗe? Wuta ɗaya ce ta hana ni sakat."

Saura ta tsakiya, mai ɗan allo da igiya. Na ce ba zan biya ba sai an gwada. Ya fito yana gunaguni, ya durƙusa yana laluben ramin da ake jona ta a ƙarƙashin sitiyarin motata, sai na ga ya kama ƙarfen kujera zai ja ta baya.

"Kai! Kada ka taɓa!"

Yadda marigayi ya bar kujerar haka take. Dogo ne shi, ni sai na sa matashin kai a bayana nake tuƙi. Mutumin ya dube ni, ya saki, ya lanƙwashe kamar tsumma har ya jona. Lamba ɗaya ta fito a allon. Ya ce wani ɗan ƙarfe ne kawai ya lalace a jikin salansar motar, aikin rabin yini. Na sa ya rubuta a takarda, na biya kuɗin na'urar.

Da la'asar Yaya ya zo. Ya juya takardar, ya taɓe baki.

"Ke yanzu wannan abin wasan yaran kika yarda da shi? Ƙarya yake yi."

"To Yaya, taka motar ai lafiyarta ƙalau. Mu gwada mu gani."

Na durƙusa a motarsa na jona da kaina. Lambobi har biyar suka fito, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ba na karanta Turanci," na ce, "amma na iya ƙirga. Ranar Asabar ɗin wace motar za mu fara kai wa mai sayen?"

Ya fizge igiyar ya miƙo mini. Bai sake tayar da maganar ba.